Shin yawan karatu yana ƙone sukari a ƙwaƙwalwa?

Ɗalibin Lissafi:
Assalamu alaikum, malamai da iyayen da ke wannan zaure. Ina da tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai. Na karanta cewa ƙwaƙwalwar mutum ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa ba, amma ita kaɗai take lashe kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki yake amfani da shi lokacin da mutum yake hutawa, kuma abincinta shi ne sukarin da ke yawo a cikin jini. Tun da na ga haka, duk daren da zan zauna karatun jarrabawa sai na ajiye alewa da lemon kwalba a gefena, bisa tunanin cewa mai nake ƙara wa inji. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, bayan awa ɗaya ko biyu barci ne yake fizgata maimakon kaifin tunanin da nake nema. Shin lissafin nawa ne ya karkace, ko kuwa sukarin ne bai isa ba?

Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam, ɗana. Alƙaluman da ka kawo daidai suke, matsalar tana cikin hukuncin da ka ɗora a kansu. Ƙwaƙwalwar baligi tana da nauyin kilo 1.3 zuwa 1.4, tana cin kimanin giram 120 na gulukos, wato sukarin da ke cikin jini, a kowace rana, kuma idan aka auna aikinta da ma'aunin wutar lantarki bai wuce wat 20 ba, wato kamar ƙaramin ƙwan fitilar da ba a kashe shi dare da rana. Sai mu fara da sanin inda wannan kuzari yake tafiya.

A cikin kan mutum akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma kowace ɗaya tana aika saƙo ne ta hanyar barin sinadarin sodiyam ya kwarara cikinta, fotasiyam kuma ya fita. Da zarar saƙon ya wuce, dole ne a mayar da kowane sinadari inda ya fito, in ba haka ba ƙwayar ba za ta iya sake aika wani ba. Wani ɗan famfo ne da ke jikin fatar ƙwayar yake wannan aiki. Yana fitar da sodiyam 3, ya shigo da fotasiyam 2, kuma kowane juyi ɗaya sai ya ci ƙwaya ɗaya ta sinadarin ATP, wanda shi ne kuɗin da jiki yake kashewa a kowane aiki nasa. Jens Christian Skou, ɗan ƙasar Denmak, shi ya gano famfon a 1957, aka kuma ba shi lambar yabo ta Nobel a kansa a 1997. Kaso mafi girma na abin da ƙwaƙwalwa take ci a wajen waɗannan famfuna yake ƙarewa. Ka ƙaddara mutum ne a cikin kwale-kwale mai yoyo, wanda ko yana tuƙi ko ya tsaya, hannunsa ba zai daina kwasar ruwa ba.

Shi ya sa tunani mai zurfi ba ya ƙara cin kuzari yadda kake zato. A 1955 Louis Sokoloff da Seymour Kety da abokan aikinsu a Amurka sun sa wasu samari yin lissafi mai wuya da ka, suna auna iskar oksijin da ƙwaƙwalwarsu take sha, kuma ba su ga jimlar ta ƙaru a kan ta lokacin hutu ba. Da na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suka zo daga baya, an ga cewa lallai sashen da aka ɗora wa aiki yana ƙara jan jini, amma ƙarin kuzarin bai cika kai kashi 5 cikin 100 ba. Tunda kai ɗalibin lissafi ne, na bar maka sauran.

Ɗalibin Lissafi:
Na lissafa, Malam. Giram 120 a raba su gida 24 ya ba da giram 5 a awa, kashi 5 cikin 100 na wannan kuwa rubu'in giram ne. Ke nan idan na yi awa 4 ina karatu, ƙarin da ƙwaƙwalwata ta ci bai wuce giram 1 ba, alhali kwalbar lemo ɗaya da nake sha ta haura giram 30 na sukari. Na ji kunyar kaina. Amma gajiyar da nake ji bayan dogon karatu ta gaske ce, to daga ina take?

Malamin Kimiyya:
Ta gaske ce, sai dai ba ƙarewar mai ce take kawo ta ba. An yi wani zamani da masana halayyar ɗan Adam suka yi ta yaɗa cewa juriya da kamun kai suna raguwa ne saboda sukarin jini ya ragu, har ana cewa ruwan zaƙi yana dawo da su. A 2016 ɗakunan bincike 23 suka haɗu suka maimaita gwajin da aka gina batun ƙarewar juriyar a kansa, kuma sakamakon ya fito kusan babu komai. A 2019 kuma an tattara bincike 31 a kan tasirin sukari da dangoginsa ga yanayin mutum, aka ga ba ya ƙara annashuwa, hasali ma waɗanda suka sha sun fi jin kasala da raguwar kaifin hankali a cikin awar farko. Abin da kake ji ke nan.

Akwai kuma sinadarin adenosin, wanda yake fitowa daga ragowar ATP ɗin da aka ƙone, yana taruwa a ƙwaƙwalwa gwargwadon tsawon lokacin da mutum ya yi a farke, kuma shi ne yake ƙara wa ido nauyi. Barci ne yake rage shi. Kafeyin da ke cikin shayi da gahawa ba ya ba ƙwaƙwalwa kuzari ko kaɗan, abin da yake yi kawai shi ne toshe ƙofar da adenosin yake ƙwanƙwasawa, kuma yakan ɗauki kimanin awa 5 kafin rabinsa ya bar jini. Wanda ya sha shi da tsakar dare don karatu, bashin barci ya ci, kuma zai biya shi a ɗakin jarrabawa.

Dattijo Mai Ritaya:
Malam, ina karanta bayaninka da sha'awa, amma ka yi mini afuwa, akwai inda ban gamsu ba. Ni mai ciwon sukari ne, shekara da shekaru ina shan magani, daga baya aka ƙara mini da allurar insulin. Wata rana na yi allurar, wani uzuri ya hana ni cin abinci a kan lokaci, sai ga gumi yana keto mini, hannuna yana rawa, ana yi mini magana ina ji amma na kasa haɗa kalmomin amsa. Cokali biyu na sukari a ruwa aka ba ni, kafin minti goma sha biyar na dawo hayyacina kamar an kunna fitila. Gani ya kori ji. Idan har sukari ba ya shafar tunani, me ya same ni a ranar?

Ma'aikaciyar Jinya:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Abin da ya same ku bai saɓa wa maganar Malam ba, shi ne ma yake nuna dalilinta. Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbun kirki da za ta ajiye abinci, ɗan abin da take ɓoyewa a wasu ƙwayoyinta ba ya kai ta ko'ina, don haka kullum hannunta yana miƙe ga jini. Jinin baligi kuwa gaba ɗayansa bai ƙunshi fiye da giram 4 zuwa 5 na gulukos ba, wato kamar ƙaramin cokali ɗaya. Da babu mai ƙara masa, da kafin awa ɗaya ya ƙare. Hanta ce take tsare wannan ma'auni. Tana ajiye kimanin giram 100 na sukari a dunƙule, tana sakinsa kaɗan-kaɗan a tsakanin abinci da abinci, kuma a jikin mai lafiya da zarar sukari ya fara sauka sai insulin ya ja baya, wani sinadarin da ake kira gulukagon ya umarci hanta ta buɗe rumbu.

Insulin ɗin da aka yi allurarsa ba ya ja da baya, domin ya riga ya shiga jiki, zai ci gaba da tura sukari cikin tsoka da kitse ko an ci abinci ko ba a ci ba. A nan ne ma'aunin sukarin jini yakan faɗi ƙasa da 70 (miligiram a kowace desilita ta jini), inda gumi da rawar jiki suke farawa, idan kuma ya sauka ƙasa da 54 tunani kan rikice, har ta kai ga suma. Ke nan ƙarancin sukari yana durƙusar da ƙwaƙwalwa nan take, amma ƙara shi a kan wanda ya riga ya isa ba ya sa ta ƙara gudu, kamar yadda cika tanki ba ya sa mota ta wuce ƙarfin injinta.

Ga masu irin lalurarku, ƙa'idar da muke koyarwa ita ce a sha giram 15 na sukari mai saurin shiga jini, a jira minti 15, a sake aunawa. Idan kuwa mutum ya riga ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, domin zai iya shaƙewa, a garzaya da shi asibiti.

Mai Horar da 'Yan Wasa:
Da izinin manya, ni ina ganin an yi tuya an manta da albasa. Kowa yana magana kamar gulukos ne kaɗai abincin ƙwaƙwalwa, alhali tun 1967 aka rushe wannan zance. A shekarar ce Oliver Owen da George Cahill, a birnin Boston, suka auna jinin da ke shiga da wanda ke fita daga ƙwaƙwalwar wasu masu ƙiba 3 da suka yi makonni 5 zuwa 6 ba su ci abinci ba, suka tarar kusan kashi biyu cikin uku na kuzarinta daga kiton yake zuwa, wato sinadarin da hanta take sarrafawa daga kitse. Ni kaina wata takwas ke nan da na yanke hatsi da sukari daga abincina, nama da ƙwai da ganye da mai kawai nake ci, kuma ban taɓa jin kaina garau kamar yanzu ba. Shawarata ga ƙanena ɗalibi ita ce ya bar sitaci baki ɗaya ya ga aiki da cikawa.

Likitar Yara:
Ɗan'uwa, binciken da ka ambata sahihi ne, kuma yana cikin manyan abubuwan da aka gano a wannan fanni, domin shi ya warware wata tsohuwar matsala. Rumbun hanta yana ƙarewa cikin kwana ɗaya ko makamancin haka, kuma ƙwaƙwalwa ba ta iya ƙona kitse kai tsaye yadda tsoka take yi. Da gulukos kaɗai take ci, da mai yunwa ya narkar da tsokar jikinsa cikin ɗan lokaci don ciyar da kansa. Kiton ne ya ba ɗan Adam damar jure makonni na yunwa da hankalinsa. Mu ma a ɓangaren yara mun san darajarsa. Tun 1921 Russell Wilder na asibitin Mayo ya tsara abinci mai yawan mai da ƙarancin sitaci don masu farfaɗiya, kuma har gobe ana amfani da shi ga yaran da magani ya kasa tsayar musu da ita. Akwai ma wata cutar gado da Darryl De Vivo ya bayyana a 1991, inda ƙofar da gulukos yake bi daga jini zuwa ƙwaƙwalwa take da naƙasu, kuma wannan abinci shi ne babban maganinta.

Amma ka duba alƙaluman da kai da kanka ka kawo. Ko bayan makonni shida na yunwa, kashi ɗaya cikin uku gulukos ne, kuma hanta da ƙoda ne suke ƙera shi daga furotin da wani ɓangare na kitse. Kai ma da ka bar hatsi, idan aka auna jininka yanzu za a tarar da sukari a ciki daidai gwargwado, domin jikinka bai yarda ya bar ƙwaƙwalwa babu shi ba. Sannan abincin da yake magani ga mai farfaɗiya, a ƙarƙashin kulawar likita da gwaje-gwajen jini, bai zama hujjar cewa zai ƙara wa mai lafiya basira ba. Ina kuma roƙon kada masu allurar insulin su gwada shi da kansu, saboda a jikinsu kiton yana iya taruwa har jini ya yi tsami, kuma wannan yana kisa.

Mai Horar da 'Yan Wasa:
Likita, na karɓi gargaɗin game da masu ciwon sukari. Amma abin da nake ji a jikina fa? Da can bayan abincin rana sai in ji kamar an ɗora mini dutse a ka, yanzu kuwa babu wannan.

Malamin Kimiyya:
Babu mai ƙaryata ka, ɗan'uwa, sai dai a ranar da ka bar hatsi ka kuma bar lemon kwalba da kayan zaƙi da cika ciki da rana, mai yiwuwa kuma nauyinka ya ragu, barcinka ya gyaru. Wanne daga ciki za mu ba lada? Sannan abin da mutum yake ji game da kaifin tunaninsa da abin da gwaji yake nunawa sukan raba hanya. A 1944 zuwa 1945 Ancel Keys na Jami'ar Minnesota ya sa samari 36 a gwajin yunwa, aka rage musu abinci kusan da rabi na tsawon wata shida, har suka zubar da kimanin rubu'in nauyinsu. Sun yi ta kukan cewa hankalinsu ba ya tsayawa wuri ɗaya, ba su da tunani sai na abinci, fushi da kasala suka yi musu yawa. Da aka ba su gwajin basira kuwa, makinsu bai sauka wani abin a zo a gani ba. Idan mai yunwa zai ji ƙwaƙwalwarsa ta mutu alhali tana aiki, mai sabon tsarin abinci ma zai iya jin tasa ta ninka alhali tana inda take.

Mai Horar da 'Yan Wasa:
Hujja ce mai ƙarfi, Malam, amma ni dai ba zan koma ba tunda ina jin daɗin jikina. Na janye shawarar da na ba ɗalibi ta barin sitaci ana gab da jarrabawa, domin na tuna makon farko ciwon kai da kasala ne suka yi mini rubdugu.

Maman Yara Uku:
Likita, tunda kina nan bari in shigo da tawa. A gidana na hana alewa da yamma, saboda na lura idan yara suka sha zaƙi sai su yi ta tsalle-tsalle ba sa jin magana. Yanzu kuma na ji Malam yana cewa sukari kasala yake sawa. Wanne zan ɗauka? Kuma idan sukari ba shi ne abincin basira ba, me ya kamata uwa ta fi sa wa ido?

Likitar Yara:
Hajiya, ki ci gaba da hana alewar saboda haƙora da ƙiba, amma batun tsalle-tsalle an gwada shi sau da yawa. A 1995 Mark Wolraich da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwajen da aka yi, waɗanda a cikinsu yaro da iyaye da mai bincike duk ba su san ko sukari aka ba yaron ko wani abin zaƙi marar sukari ba, kuma ba a ga bambanci a ɗabi'a ko fahimta ba. Shekara guda kafin nan an yi wani gwajin da yake ba ni dariya duk lokacin da na tuna shi. An gaya wa wasu iyaye mata cewa an ba 'ya'yansu sukari mai yawa alhali ba a ba su ba, sai ga iyayen suna cewa lallai yaran sun fi ƙiriniya, har suna ƙara sa musu ido da tsawatarwa. Sau da yawa zaƙi yana zuwa ne tare da taron yara da murna, kuma taron ne yake tayar da su.

Tambayarki ta biyu ita ce inda na fi so mu daɗe, domin a nan ne abinci yake yin tasirin da ba ya gogewa. Duk abin da aka faɗa a sama game da juriyar ƙwaƙwalwa, ta baligi ake nufi, wadda aka riga aka gama gininta. Ta yaro kuwa ana kan ginin. A wajen shekara 5 ƙwaƙwalwar yaro tana cin abin da ya kai kusan kashi biyu cikin uku na kuzarin da jikinsa yake ƙonewa a hutu, kuma a daidai wannan lokaci ne girman jikinsa yake tafiyar hawainiya, kamar jikin ya haƙura ya bar wa kai abincin. Mai gini kuwa ba ya wadatuwa da mai a inji, sai da kayan aiki, kuma wasu daga cikin kayan ƙanana ne ƙwarai.

Ɗauki aidin. Baligi yana buƙatar maikurogiram 150 a rana, mai juna biyu kuma 250, abin da ido ba zai iya gani ba. Amma da shi ake haɗa sinadarin da ƙullin maƙogwaro yake fitarwa, wanda yake jagorantar ginin ƙwaƙwalwar ɗan tayi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa rashinsa a matsayin babban sanadin naƙasar ƙwaƙwalwa da za a iya kauce masa. Mutane sun fi sanin rashin aidin da maƙoƙo, domin shi ake gani a wuya, alhali ɓarnar da ba a gani ta fi yawa. Ƙasar Suwizalan ta fara zuba aidin a gishiri a 1922, Amurka ta bi a 1924, kuma a yankunan tsaunukan Suwizalan inda aka saba haihuwar yara masu wannan naƙasa, abin ya zama tarihi.

Sai sinadarin ƙarfe, wanda jini yake ɗaukar oksijin da shi, ake kuma buƙatarsa wajen yi wa jijiyoyi rufin da yake sa saƙo ya yi sauri. Jariri yakan zo da ajiyar da za ta kai shi wajen wata shida, daga nan sai abinci ya karɓa, shi ya sa nama da hanta da kifi da ƙwai da wake suke da muhimmanci a lokacin da aka fara haɗa masa nono da abinci. Sai kuma folik asid, maikurogiram 400 a rana, wanda ya kamata mace ta fara sha tun kafin ta ɗauki ciki, saboda bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka yana rufewa ne a cikin kwana 28 na farko, lokacin da mata da yawa ba su ma san suna da ciki ba.

A ƙasar Gwatamala, daga 1969 zuwa 1977, an raba wa yara a wasu ƙauyuka abin sha mai furotin da kuzari, wasu ƙauyukan kuma aka ba su wanda ba shi da furotin. Da aka bibiye su bayan sun zama manya, waɗanda suka sami mai furotin tun suna ƙasa da shekara uku sun fi iya karatu da gwajin fahimta, mazansu kuma sun fi samun albashi mai kyau. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Maman Yara Uku:
Na gode, Likita. Wato ni ina can ina gadin alewa, ban taɓa duba ko gishirin da nake saya yana da aidin ba.

Dattijo Mai Ritaya:
'Yata Likita, kin yi wa yara adalci, saura mu da ginin ya tsufa. Ana ta tallata mana ƙwayoyin man kifi da wasu haɗe-haɗe, wai suna hana ciwon mantuwa. Ina da kwalba biyu a ɗaki yanzu haka. Kuɗina nake zubarwa ko kuwa?

Likitar Yara:
Baba, duk da cewa yara ne fannina, wannan tambaya tana da amsar da aka sani. Gaskiya ne ƙwaƙwalwa tana ƙunshe da kitse mai yawa, ciki har da irin wanda ake samu a kifi, kuma cin kifin kansa abu ne mai kyau. Amma manyan gwaje-gwajen da aka ba tsofaffi masu lafiya ƙwayoyin man kifi na shekaru ba su nuna cewa sun kare su daga raguwar tunani ba. Ko tsarin abincin da aka ƙirƙira musamman don ƙwaƙwalwa, mai suna MIND, wanda ya ƙunshi ganye da wake da kifi da hatsin da ba a cire masa dusa ba, da aka gwada shi a kan mutum 604 na tsawon shekara 3 aka fitar da sakamakon a 2023, bai fi ɗaya rukunin da aka sa su rage abinci kaɗan ba. Duka rukunonin biyu sun ɗan inganta, kuma dukansu sun rage nauyi.

A ganina, hanyar da abinci yake bi ya isa ga ƙwaƙwalwar dattijo ita ce hanyar jini. Kimanin mililita 750 na jini ne yake ratsa ta a kowane minti, idan ya yanke mutum yakan suma cikin daƙiƙa 10, bayan 'yan mintuna kuma ƙwayoyi su fara mutuwa. Hawan jini da ciwon sukari da yawan kitse a jini suna cin waɗannan ƙananan hanyoyi a hankali, shekara bayan shekara, ba tare da mutum ya ji komai ba. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 waɗanda za a iya gyarawa, da suke da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon mantuwa, kuma waɗannan ukun da ƙiba duk suna ciki. Saboda haka rage gishiri da riƙe sukarinku a ma'auni sun fi kwalaben nan biyu amfani nesa ba kusa ba.

Akwai bitamin ɗaya da zan so ku kula da shi, wato B12. Daga nama da kifi da ƙwai da madara ake samunsa, ciki yana rage iya tsotsarsa idan shekaru suka ja, kuma maganin metfomin da masu ciwon sukari da yawa suke sha yana ƙara rage shi idan an daɗe a kansa. Rashinsa yana kawo mantuwa da jin ƙafafu kamar ana tsira musu allura da rashin daidaito a tafiya, kuma sau da yawa akan ɗora laifin a kan tsufa ko a kan ciwon sukarin, alhali abu ne da ake magancewa idan an gano shi da wuri.

Dattijo Mai Ritaya:
Ikon Allah. Metfomin ɗin nan shi ne maganin da na fara da shi, kuma har yau ina sha tare da allurar. Tafin ƙafata kuwa ya fi shekara yana yi mini wannan tsitstsirar, na ɗauka duk cikin ciwon ne. In daina shan maganin ke nan har in ga likita?

Ma'aikaciyar Jinya:
A'a, Baba, kada ku daina, domin tashin sukarin zai fi yi muku illa. Idan kun je ganin likitanku ku gaya masa shekarun da kuka yi a kan metfomin da abin da kuke ji a ƙafa, ku nemi a auna muku B12, gwajin jini ne kawai. Ciwon sukarin kansa yana iya kawo wannan tsitstsira, don haka gwajin ne zai raba gardama, kuma idan aka tarar ya yi ƙasa akwai ƙwaya akwai allura. Ku tafi da kwalaben nan biyu ma ya duba abin da ke cikinsu, saboda idan ɗaya tana ɗauke da folik asid mai yawa, tana iya sa ƙwayoyin jini su fito lafiya lau a gwaji ta ɓoye rashin B12 alhali jijiyoyi suna ci gaba da lalacewa.